Komand Mai Hannu Ɗaya

Talata: Dakoro zuwa Maradi

Ana idar da sallar asuba na fito daga gida, ƙarfe biyar da rabi, da kwali a hammata. A cikin kwalin mota ce. E, mota, ku dakata da dariyar tukuna. Ni mai gyaran radiyo ne a bakin kasuwar Dakoro, kuma shekara tara ke nan da wata cuta ta kama ni ta tara 'yan motocin nan da ake tuƙawa daga nesa da komand. Matattu nake saye cikin kayan gwanjo, in buɗe cikinsu in tashe su. Goma sha huɗu gare ni a jere kan katako, matata ta gaji da magana ta zuba mini ido.

Ta cikin kwalin ɗaya ce daga cikinsu, amma daban take. Farar buɗaɗɗiya ce irin ta shiga daji, tsawon kamu ɗaya, sak wadda yayana Habu ya shekara talatin yana tuƙawa zuwa kasuwannin Bader Goula da Birnin Lalle. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi, ɓarin dama. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga tasha ya koma daga "to" sai "a'a". Ranar da na nuna masa motar ya daɗe yana shafa ta da hannun hagu, sannan ya ce, "Tana tahiya?" Na ce, "Kai ma za ka tuƙa ta, Yaya." Injin na gyara, tayoyi na ɗaura, amma komand babu. Shi na fito nema, don bakina ya riga ya yi alkawari.

Bas ɗinmu ba ta cika ba sai bakwai saura ashirin. Kuɗin mota jika uku. Direban, Ilo, a hannun Yaya ya koyi tuƙi, shi ya sa ya ba ni gidan gaba.

"Yaya jikin maigida?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Kai, mun sha rana wurin mutumen nan! Ko wa ya shiga, ba shi tashi sai ta cika maƙil. In ka matsa mishi ya ce shi direba ne, ba ɗan yawo ba."

Kusa da Kornaka jandarma suka tsayar da mu, kowa ya miƙa katinsa. Ɗaya ya ce in buɗe kwali. Da ya ga abin da ke ciki sai ya gimtse fuska ya ce, "Malam, ina takardun wagga?" Na ce lambarta ba ta fito ba tukuna. Shi da fasinjoji aka yi ta dariya, ya rufe mini kwalin da kansa. A Sabon Maci muka tsaya minti goma, na ci ƙosai na dala ashirin da kunu mai zafi. Ƙosan garin nan dai ban da abin cewa, wake gare su.

Maradi

Goma saura minti goma muka shiga tasha, bayan kilomita wajen ɗari da ashirin. Kabu-kabu ya kai ni gidan Alhaji Idi a dala sittin. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, da shi, yanzu babban ɗan kasuwar hatsi ne. Na ajiye jaka na yi kasuwa.

Ga abin da wanda bai san harkar ba bai sani ba. In kayan gwanjo suka iso, masu rarrabawa ba ruwansu da wane na wane ne: mota ta tafi tulin kayan wasa, komand ɗinta kuma a jefa shi buhun na telebijin, tunda duk maɓallai ne. Shi ya sa ban ko leƙa layin kayan wasa ba, na zarce wurin wani dattijo, Malam Nomau, mai buhuna uku na komand. Lambar zangon da ke cikin motar ashirin da bakwai ce, dole ta komand ta zo ɗaya da ita, amma lamba kaɗai ba ta wadatarwa, sai an gwada. Na kife motar tayoyi sama, na zauna kan buhu ina zura pil, wato batir, ina dannawa ɗaya bayan ɗaya.

Tun sha ɗaya nake abu ɗaya har aka kira azahar. Bayan salla, a komand na ashirin da wani abu, sai ji na yi wiii, tayoyi na juyawa a iska! Wallahi sai da na miƙe tsaye. Irin mai kama da bindiga ne, hannu ɗaya ya ja kunama, ɗayan ya murza ɗan sitiyari a gefe. Malam Nomau ya ga hanci na buɗewa ya ce jika huɗu, muka daidaita a biyu da rabi.

Da la'asar muna shan shayi a ƙofar gida, Alhaji Idi ya ce, "To, sarkin wasa da furfura, tuƙa mu gani." Kofi na hannuna na dama. Na ɗauki komand da hagu, na ja kunama, motar ta miƙe ta nufi kwata, ni kuwa ina waige-waigen inda zan ajiye kofin in karya kan. A nan na farga. Yini guda ina gwaji da hannu biyu, wanda na zo dominsa ɗaya gare shi. Na ji kunyar kaina ƙwarai, har tuwon dare ban ji daɗinsa ba.

Laraba: Maradi

Ƙarfe takwas ina gaban Malam Nomau, hannuna na dama cikin aljihu.

"Lahiya? Ko kunama ta harbe ka?"

Na gaya masa labarin Yaya. Ya shiga ciki ya jawo wani buhun da bai buɗe jiya ba, ya zazzage shi ƙasa. Muka tsinci faffaɗa mai 'yan sanduna biyu kusa da juna, wanda za a ɗora a cinya, babban yatsa da manuni su isa duka biyun. Matacce ne murus, ruwan pil ya cinye cikinsa. Na ce gangar jikin nake so. Na sa hannu zan biya, ya ce, "Bar shi. Ka ce da direba ina gaishe shi."

A rumfar wani mai gyaran waya na ari ƙarfen dalma. Na ciro hanjin na jiya na dasa a cikin na yau, waya shida, awa biyu cur. Gwajin farko na tura hagu ta yi dama. Na juya waya biyu, na mayar da hannu aljihu, na kewaya rumfar da ita sau uku. Ƙarfe ɗaya Alhaji Idi ya raka ni tasha da ƙullin dabino na Yaya. Biyu da rabi muka tashi, hanya lafiya lau, gero ya yi kai dama da hagu tun daga Tibiri.

Dakoro

Shida saura kwata na yi sallama gidan Yaya, ko gidana ban biya ba. Yana kan tabarmarsa gindin itacen bedi, matarsa Hajiya Zali tana can bakin madafa tana tsintar shinkafa. Na ajiye motar gabansa, na ɗora masa komand a cinya, na nuna masa gaba da baya. Ya sa yatsu a kai. Na jira, bai tura ba. Na ce a raina ko yatsun ne suka ƙi.

"Yaya, tura mana."

Ya harare ni, irin hararar da rabona da ita shekara biyu.

"Wofi za ta tashi? Yi lodi."

Na kwance ƙullin dabino na zuba biyar a bayanta. Ya ce da saura wuri. Na ƙara har ta cika, ya sa na gyara na gefe don kada ya zube. Sannan ya yi bismilla ya tayar, a hankali. Ya kauce wa turmi, ya rage gudu wurin ramin da ruwan alwala ya haƙa, ya je ya tsaya daidai ƙafar Hajiya, ko dabino ɗaya bai faɗi ba.

"Zali!" Har maƙwabta sun ji wannan kiran. "Ga tsaraba, sauke kaya, ina da wani lodin."

Ta kwashe dabinon a gefen zane tana dariya tana share ido, ni ma na juya ina duban bedi. Sai da aka kira magariba ya yarda aka cire pil, kuma ya ce motar a gidansa za ta kwana. Kan katakona sha uku suka rage, ban taɓa jin daɗin giɓi irin wannan ba.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ilo, da Alhaji Idi da iyalinsa. Malam Nomau kuma, na isar da gaisuwarka, direba ya ce yana amsawa.