Saniya Mai Karyayyen Ƙaho

Shekarun baya, ina gama kwalejin horon malamai aka tura ni wata firamare a ƙauyukan Sakajiki, aka ba ni ajin 'yan shekara biyar. Na tafi da sabuwar takardar shaida da kai a kumbure. A ganina aji mai kyau shi ne wanda yara suka naɗe hannu suna maimaita abin da na faɗa.

Akwai wani yaro ɗan ruga da ya yi wata biyu bai ce mini uffan ba. In na ce "ɗaya, biyu", sai ya zuba mini ido. Kullum aljihunsa cike da shanun laka da ya gina da hannunsa, ni kuma kullum in ƙwace in wurga ta taga, wai suna ɓata mini aji. Har na kai ga gaya wa babansa cewa kan yaron ba ya ja. Uban ya ce to, ƙarshen zangon nan zai cire shi ya bi garke.

Wata safiya kakar yaron ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryar nono a ka.

"Malam, kai ne mai zubar mishi da shanu?"

Na ce, "Inna, ƙasa ce fa, nan kuma makaranta ce."

Ta ce, "Gare ka ne ƙasa. Shi ya san uwar kowace. Ka taɓa tambayarsa ko su nawa ne?"

Wallahi ban taɓa ba. Kunya ta kama ni, na hau gyaran alli.

Washegari na sauko na zauna kan tabarma, na ce ya nuna mini shanunsa. Da ƙyar ya yarda ya jera su. Yana waiwayawa na ɗauke ɗaya na tura ƙarƙashin hulata. Ya duba sau ɗaya, ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, bakwai ne. Shida nake gani. Ina mai karyayyen ƙaho?"

Maganarsa ta farko ke nan gare ni, kuma lissafin da ban ma koyar ba ne. Daga ranar muka koma ƙirga da laka, duk ajin, kowa ya gina abin da ya sani.

Zuwa wurin uban ya fi komai yi mini wuya. Ya saurare ni, ya ce, "Jiya ka ce ba ya ja, yau ka ce yana ja. Wanne zan ɗauka?"

Na ce, "Na yau, Baba. Jiya nawa kan ne bai ja ba."

Ya yi dariya, ya bar shi a makaranta.

Tsohuwar ta rasu ban yi mata godiyar da ta kamata ba, abin yana damuna har gobe, Allah ya jiƙanta. Yanzu duk yaron da ya yi shiru a ajina, sai na fara tambayarsa me ke cikin aljihunsa. Saniyar nan mai karyayyen ƙaho kuwa, ɗan rugar nan ya ba ni ita ranar da ya gama aji shida, tana nan kan teburina.