Baban Kifi da Sabuwar Matata

Gyaran famfo ne sana'arsa tun yana saurayi, har ranar da wani likitan haƙori ya kira shi ya duba bututun da ke yoyo a ɗakin jira. Bututun na tankin gilashi ne mai ruwan gishiri irin na teku, da kifaye bakwai masu launi da murjani mai rai manne da duwatsu. Ya gyara. Likita ya ce ya leƙo mako mai zuwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana leƙowa, har ma'aikatan asibitin suka manta sunansa, sai Baban Kifi.

Aikin ba wuya gare shi ba, naci gare shi. Duk Talata sai ya durƙusa ya jawo matata, wato tukunyar tace ruwa, daga kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin, ya wanke soso uku masu warin kwata, ya mayar. In ya makara kwana biyu, gansakuka ta rufe gilashi, murjani ya tsuke kamar an yi masa faɗa.

Bana gwiwarsa ta ƙi. Injin tukunyar ma ya fara tari.

"Zaɓi sabuwa wadda ta dace kawai, Malam," in ji Likita, ido na kan agogo. "Kai ka san halinsu."

Mai shagon kayan kifi ya jera masa matata iri biyu a kan tebur.

"Wannan ƙanwar tsohuwar taka ce, Baba, yau ka ɗaura yau ka tashi, amma wankin soso na nan. Wannan kuwa ƙaramin tanki ne da za ka sa a kabad. Ruwa ya gangaro cikinsa, injin kumfa ya kwashe dattin ya tara a kofi, duwatsun su ƙarasa sauran. Zubar da kofi ne aikinka."

"To ina cikas ɗin? Ba a rasawa."

"Sai ka kwashe komai ka huda gilashin tankin don bututu."

Kwana uku yana juya maganar. Matarsa na shafa masa man zafi a gwiwa ta ce, "Baban yara, kifin da ba a ci ba a sayarwa, shi zai ƙarasa min kai? Ka ɗauki wadda za ta bar ka ka miƙe."

"In gilashin ya tsage fa?"

"Sai Likita ya sayi kyanwa."

Bai yi dariya ba, amma washegari ya ɗauko mai kumfar.

Ranar da asibiti ba aiki ya zo da bokiti tara. Ya kwashe kifayen, ya ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya huda gilashin a hankali yana zuba ruwa a bakin ƙarfen hudawar. Gilashi bai tsage ba. Sai dai aikin ya ci awa bakwai maimakon huɗu, kuma wani rawayan kifi, wanda ya fi kowa daɗewa a tankin, ya juya ciki sama a bokiti. Ya naɗe shi a takarda ya zauna a ƙasa, ya daɗe bai taɓa komai ba.

Cikin wata guda ruwan ya yi garau, murjani ya buɗe. Likita bai lura kifi ya ragu ba. Mai karɓar baƙi ce kaɗai ta yi magana, wai ƙarar ruwan na hana ta jin waya, Baban Kifi ya naɗe bututun da roba, ƙarar ta ɗauke.

Yanzu minti goma ya gama. Ya zubar da kofi, ya wanke hannu, ya samu kujera cikin masu jira ya miƙe ƙafa. Rannan wata tsohuwa riƙe da kumatu ta tambaye shi ko shi ne a gabanta.

"A'a, Inna, wuce abinki," ya ce. "Hutawa nake yi."