Sai Baba Rabaran Ya Dawo

A cocin nan ba wanda bai san Mama Mai Kofi ba. Tela ce, kekenta na zauren gidanta, amma ba da ɗinki ta yi suna ba. Ita ke wanke mayafin bagadi ta goge, ita ke ajiye wa mai wa'azi ruwan sha kowace Lahadi. Kofuna biyu gare ta a kabad. Akwai na gilashi mai murfi, wanda ba ya fitowa sai babban limamin cocin, Baba Rabaran, zai yi wa'azi. Akwai na roba mai tsagaggen baki, wannan na ƙaramin Fasto ne da sauran masu koyarwa. Ba wanda ya kafa dokar, ita ta kafa abinta. Har an saba, in mutum ya shigo ya hangi kofin roba ya san yau ba Baba ba ne, wasu ma daga nan suke sulalewa gida.

Ita kam ba ta ɓoye ra'ayinta. Baba Rabaran ne ya yi mata baftisma, ya yi wa 'ya'yanta, in ya buɗe baki tsikar jikinta tashi take yi. Ƙaramin Fasto kuwa ɗan jiya ne a wurinta, ta san shi tun yana yawo da gajeren wando. Takan ce ba ta ƙi shi ba, amma addu'a ma tana da manya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai duk zaman aurenta, wato mijinta, tsohon direban babbar mota da kowa ke kira Direba. A gidan Kirista aka haife shi, amma ba a taɓa yi masa baftisma ba, shi ma bai nema ba. Kowace Lahadi zai kawo ta har ƙofar coci, ya koma gindin bishiya da rediyonsa sai an tashi. In ta matsa masa ya ce ai yana jin komai ta taga, kuma wurin zamansa ya fi nasu iska. Ta yi azumi, ta yi kuka, ta kai sunansa taron addu'ar mata har suka gaji da ji. Burinta bai wuce ta ji shi da bakinsa, a gaban jama'a, ya ce ya ba da gaskiya ba.

Sai da tsufa ya kama shi, hawan jini ya sa shi gaba, sannan wata safiya tana zura zare a allura ya ce mata ya shirya a yi masa baftisma. Allurar ta faɗi, ba ta ma neme ta ba. Amma murnar ta rage zaƙi da ta ji wanda ya shawo kansa. Ashe ƙaramin Fasto ne ke zuwa gindin bishiyar bayan sujada, su yi ta hirar injin mota, daga nan hira ta gangaro kan Littafi Mai Tsarki. Har sun tsayar da Lahadi mai zuwa. Baba Rabaran kuwa ya yi tafiya neman maganin ido, ba a san ranar dawowarsa ba.

Ta ce a jira. Direba ya dube ta ya ce, "Ruwan nasu daban-daban ne?"

"Ba ruwa ba ne, Maigida, hannu ne. Ban yi jiran shekarun nan don in ƙare da hannun yaro ba."

Mutum ne da ba ya son ja-in-ja, sai ya bar maganar. Ta yanko farin yadi ta ɗinka masa riga, ta rataye a bayan ƙofa.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Ƙafafun Direba suka fara kumbura. Ran nan kofin shayi ya suɓuce masa, ya tsaya yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Babbar 'yarsu ta ja uwar gefe ta ce ta ji tsoron Allah, jikin mahaifinsu ba na jira ba ne. Mama ma ta ga hannun, amma ta daka wa 'yar tsawa ta ce ta daina yi wa ubanta mugun baki. Ƙaramin Fasto ya zo gidan, ta bar shi tsaye a zaure, ba ta ko tsayar da keke ba. Da 'yar ta samu Baba Rabaran a waya, shi kansa ya ce wa Mama ta bari yaron ya yi aikinsa, ai ba shi Rabaran ne ya mutu a kan gicciye domin mijinta ba. Ta ajiye waya tana jinjina kai, ta ce kun ji tawali'un manya, irin wannan bakin ne ya dace ya yi.

Da la'asar abin ya zo. Direba ya je famfon tsakar gida wanke fuska, sai suka ji faɗuwa. Suka same shi a jiƙe, baki ya karkace, ido a buɗe. Ɗansu ya fita neman mota. Mama kuwa ta tsinci kanta a titi ba takalmi, ɗankwali a hannu, tana gudu zuwa gidan da ba ta taɓa takawa ba. Ƙaramin Fasto yana wanki. Bai tambaye ta komai ba, ya goge kumfa a wando ya biyo ta.

An kwantar da Direba a tabarma. Fasto ya nemi ruwa, 'yar ta miƙo kofin robar da uban ke shan magani da shi. Mama ta ga kofin, ta matsa ta ba Fasto wuri. Fasto ya durƙusa ya kira sunan Direba, ya tambaye shi ko ya ba da gaskiya. Leɓen ya motsa. Ta kai kunnenta har tana jin numfashinsa, tana roƙonsa ya faɗa ko sau ɗaya. Ba abin da ya fito sai gurnani da yawu. Fasto ya sake tambaya, a hankali, aka sake jira. Daga waje ana jin ƙahon motar da aka samo.

Sai Fasto ya kama hannun da bai mutu ba ya ce, "Baba, in ka ba da gaskiya, matsa hannuna."

Ta zuba wa hannayen ido, hawaye ya hana ta ganin komai. Ta ce, "Ya matsa?"

"Ya matsa, Mama."

Ya yayyafa masa ruwan, aka ɗauke shi. A asibiti bai ƙara furta kalma ba har ya cika.

Baba Rabaran ya dawo ana gobe jana'iza, ido garau, shi ya yi wa'azi, coci ya cika har waje. A cikin farar rigar nan aka sa Direba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta ce mata ta yi sa'a, ba kowa ke samun Baba da kansa ya kai shi kabari ba. Tana amsawa da kai. Da aka watse ta je ta tsaya a gaban ƙaramin Fasto, ta roƙe shi ya gaya mata yadda matsin ya kasance, da ƙarfi ne ko a hankali. Ya kama hannunta ya nuna mata. Ta ce ya sake.