Likitan da Ya Hana Hagag Shan Ruwa

A garinmu da ke kudu da Asyut, idan azumi ya kama, la'asar kan kwashe mutane daga asibiti. Likitoci da nas-nas kowa ya nufi gida, a bar Likita Wahib Girgis da ɗakin gaggawa. Shi Kirista ne, ba ya shan ruwa da mu, don haka shekara ashirin da biyu yana karɓar aikin magariba domin abokan aikinsa su buɗe baki da iyalansu. Ba wanda ya taɓa roƙonsa. Matarsa Marsa ta rasu tun da daɗewa, ɗansu guda yana Kanada, gidansa kuwa ɗakuna uku ne da agogon bango mai ƙara.

Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, yana tafe yana tura na'urar hoton ciki a kan keken ƙarfe mai ƙafa ɗaya da ke kuka. Tsohuwa ce, gefen allonta ya tsage. Idan ya shafa wa majiyyaci man nan mai sanyi ya ɗora kan na'urar, fuskarsa kan canza, kamar mai leƙa rijiya yana neman abin da ya faɗa. Ya taɓa gaya mini cewa hanta da saifa masu gaskiya ne, idan sun fashe jini yakan taru nan take ka gani baƙi wuluk a allo. Hanji kuwa mai ɓoye sirri ne. Yakan tsage ya yi shiru, sai bayan sa'o'i ya nuna.

Ran sha bakwai ga azumi, bayan azahar, aka kawo Hagag Abdurradi, manomin rake, a bayan a-kori-kura. Alfadarinsa ne ya yi masa harbi a ciki. Ƙannensa biyu, Shahat da Nubi, suna riƙe da shi, shi kuma yana ture su.

"Ku sake ni! Ni mace ce mai naƙuda?"

Wahib ya kwantar da shi ya duba. Gefen hanta tsaf, gefen saifa tsaf, mara babu ruwa. Ya danna cikin ya ce, "Da zafi nan?"

Hagag ya dubi ƙannensa, ya dubi silin. "Ko kaɗan. Alfadarin ne ya ji jiki, yana can yana ɗingishi."

Suka kwashe da dariya. Shahat ya ce, "To Likita, injinka ya wanke shi. Yau a ƙofar gidansa unguwa za ta sha ruwa, agwagwa huɗu aka yanka. Mai gida ba ya fashi."

"Ba inda zai je," in ji Wahib. "Cikin mai azumi fayau yake. Ko hanjin ya huje, babu abin da zai zubo yanzu balle in gani. Ya je ya cika shi da agwagwa da miyar lalo, gobe ku dawo mini da shi yana ruɓa ta ciki. Zan sake dubawa bayan wasu awanni. Kafin nan ko ɗigon ruwa kada ya sha, ko an kira salla."

Hagag ya ɗaga kai daga matashi. "Ikon Allah! Liman ya ce in kai magariba, Kirista ya ce in zarce. Wahib, yaushe ka zama shehi?"

"Tun ranar da alfadari ya fi ka wayo. Kwanta, Alhaji."

Ya kwanta, amma da sharaɗi: idan injin bai ga kome ba kafin kiran salla, zai tashi ya tafi, kowa ya yi abin da zai yi.

Rana ta karkata. Asibitin ya yi tsit, sai ƙamshin albasa da ake soyawa a gidajen da ke bayan katanga. Wahib ya zauna a kujerarsa ta roba yana kallon Hagag daga nesa. Ya lura mutumin ya daina juyi, ya lanƙwashe gwiwoyinsa, yana numfashi sama-sama kamar mai gudun tada wani abu da ke barci a cikinsa. Amma da ƙannensa sun dube shi, sai ya yi murmushi ya tambayi ko an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Saura kwata a sha ruwa, matar Hagag ta aiko da tire: dabino, ruwan rake, cinyar agwagwa. Nubi ya ajiye shi a bakin gado. Hagag ya fara laluben takalmansa da ƙafa.

Wahib ya taso ya ce wa ƙannen, "Ku ɗauki tiren nan ku fita da shi baranda. Ku rufe ƙofar."

"Yayanmu ne, Likita."

"Shi ya sa. A gabanku ba zai taɓa gaya mini gaskiya ba."

Da suka fita, ya ja labule. Ya danna cikin a hankali da tafin hannu, ya saki farat ɗaya. Hagag ya yi wata ƙara da bai san tana jikinsa ba, ya cafke hannun Wahib, hawaye ya gangaro cikin gemunsa.

"Tun azahar," ya ce cikin raɗa. "Kamar garwashi. Kada ka gaya musu."

"Ba ruwansu."

Ya sake ɗora na'urar. Wannan karon ga wani siririn baƙi ya kwanta tsakanin naɗe-naɗen hanjin, wani sashe ya kumbura ya daina motsi. A saman hanta kuma ga layi fari mai ƙyalli, iskar da ta tsere daga inda ya kamata ta zauna. Ana kiran salla Wahib ya buga wa likitar tiyata, Likita Sanaa, waya. Ta zo da dabino ɗaya a kumatunta, tana ɗaure ɗankwali.

Hujin bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Ta ɗinke, ta wanke cikin, ta ce da ya ci abincin nan da labarin ya bambanta. Ƙannen suka yi ta sa mata albarka a baranda. Wahib yana ciki yana goge man daga kan na'urar da tsumma.

Kwana tara Hagag ya yi ya koma gonarsa. Har yanzu yana nan, ya ƙara ƙiba, yana ba da labarin alfadarin a majalisa, yana rantsuwa ko uffan bai ce ba. Mutum ɗaya ne ya san ba haka aka yi ba. Idan Hagag ya hango shi a kasuwar Talata, yakan ɗaga hannu daga nesa, da girmamawa sosai, sannan ya saki layin ya bi ta wajen masu tumatir. Wahib yakan ɗaga nasa hannun, ya sayi gurasarsa guda biyu, ya kama hanya.