Ƙwallon Baba da Na Wanke

Matasa, ku saurare ni. A makarantarmu ta 'yan mata a Zariya ni ake ba makullin sito, don an san ko ƙwayar suga ba zan taɓa ba. A ƙarshen shekarun saba'in na biyo maigidana garin Greensboro a Amurka, shi yana karatu a jami'a, ni ina zaman gida.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne baƙar fata, matarsa ta rasu, idonsa ya yi yana. Baba nake ce masa. Da ƙuruciya ya buga besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda, tun zamanin da ba a barin baƙaƙe su yi wasa tare da farare. Ɗaki guda ya cika da tarkacen wasan: katuna masu hotunan 'yan wasa, wata tsohuwar safar hannu ta fata, guntun katakon benci, har da ƙasar wani fili da aka rushe, a kwalba. Nakan kai masa tuwo in share masa gida. "'Yata, miyar nan taki mai yauƙi tsere take da cokalina," yakan ce, yana dariya.

Wata rana na ga wani ƙwallo a kan kanta ya yi dauɗa, duk zane-zane. Ni da na taso a kan tsafta, na sa sabulu da soso na goge shi fes. Ina cikin tsane shi sai Baba ya ɗaga murya daga falo, "Ki bi ƙwallon nan na kan kanta a hankali. Abokan wasana ne suka sa hannu a kai. Duk sun mutu, saura ni."

Kunya ta hana ni magana, na cusa ƙwallon cikin gyale na fita.

Ranar Asabar na ce wa maigidana tukwane zan duba, ya kai ni kasuwar gwanjo a McLeansville. Can na sami wani mai sayar da tsofaffin kayan besbol, na gaya masa damuwata. Ya ce zai ba ni tsohon ƙwallo mai sunayen bogi, in dai zan kawo masa kati ɗaya daga cikin na Baba. "Tsoho mai katuna jibgi ba zai lura ba."

Na kawo, na ɗora ƙwallon bogin a kan kanta. Na biyun da kuɗi ya biya ni, kuma na karɓa. Daga katuna na koma kan safar hannun. Baba kuwa sai ya ɗauki ƙwallon bogin nan ya rungume, yana kiran sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye da tsintsiya a hannu.

Wata jikar Baba ce ta ga safar a teburin mutumin kasuwar gwanjon. Ina idar da azahar 'yan sanda suka buga ƙofa. Maigidana ya tare su, ya juyo gare ni yana cewa, "Wallahi ko allura ba kya..."

"Malam, kada ka rantse," na ce.

A kotu Baba bai tambayi katuna ba. Cewa ya yi, "Ƙwallon abokaina fa?" Na ce na wanke shi. Sai ya ce, "Da kin gaya min, 'yata, da tare muka yi kukan."

An ɗaure ni. A gidan yari babu sallar da ban tsara yadda zan durƙusa gabansa ba. Ranar da aka sake ni ko gidanmu ban shiga ba, ƙofarsa na nufa. Wasu baƙi suka buɗe. Baba ya rasu ina tsare.

Na tuba, kuma ban yanke ƙauna da rahamar Allah ba. Amma haƙƙin mutum sai shi ya yafe, mai haƙƙi a kaina kuwa an binne shi. In kun yi wa wani ɓarna, kada ku rufe ta da wata. Ku je yau ku faɗa masa da bakinku, tun yana da kunnen da zai ji.