Kilabiyen da Na Je Saye a Dogon Dutsi

Mun tashi da asuba daga Gesheme, mu tara da akuya biyu a mota ɗaya. Ruwan daren jiya ya ɓata hanyar Tibiri, sai da muka hau kwalta kowa ya daina riƙe hularsa. Gero ya yi kyau hagu da dama, har maƙwabcin kujerata ya shiga yi wa gonakin mutane kirari.

Shekaru na yi ina buga wa jama'a takardu da keken rubutu. Lokacin da nake koya wa ɗiyata aikin, kowane kuskure da sanda nake gyara shi, a kan yatsu. Yanzu ita ke buga takardu da kwamfuta, ɗan yatsanta na dama kuma bai daina ciwo ba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ce bari in sayo mata kilabiye, wato allon maɓallan da ake bugawa.

A Dogon Dutsi na karya da ƙosai masu zafi, sannan na sami wani mai shago da ya san aikinsa. Ya ɓalle maɓalli ya nuna mini cikinsa. Na roba jika uku ne na kuɗin sefa, amma danna shi kamar taka laka. Wanda cikinsa ja ne yana sauka sumul, ba ƙara. Mai ruwan ƙasa yana ɗan tokarar yatsa a tsakiya, ka san harafi ya shiga. Waɗannan jika goma sha biyar zuwa ashirin. Mai shuɗin ciki kuwa, ƙas-ƙas-ƙas, sak kekena na da! Na tsaya ina bugawa har mutane suka leƙo.

Raina ya so shuɗi. Tausayi ya ce ja. Mai shago ya tambaye ni, "Baba, ita mai aikin wane take so?"

Ban taɓa tambayarta abin da take so ba. Na kira ta a waya, na kwatanta mata duka. Sai ta ce:

"Mai ruwan ƙasa, Baba. Ina so in ji harafi ya shiga, kada in yi kuskure."

Har yau kuskure take tsoro.

Mun iso gida bayan la'asar. Na miƙa mata mai ruwan ƙasan, na roƙi gafararta a gaban 'ya'yanta. Sai ta jawo mini kujera kusa da tata. Na gane cewa tambayar da na je Dogon Dutsi na koyo, a tsakar gidana ya kamata in yi ta tun tana yarinya.