Tsakuwar Pa Aiah

Motarmu ta tsaya a mararrabar Tombodu, kowa ya nufi rumfar mai abinci. A gefen murhu wani dattijo na zaune da faifan shinkafa a cinya. Ƙafafunsa sun yi fari sun tsattsage, irin na wanda ya shekara talatin cikin ruwan ramin haƙar lu'u-lu'u. Juya faifan yake kamar mai wankin lu'u-lu'u da rariya, kuma duk tsakuwar da ya tsinto sai ya ɗaga ta wajen rana kafin ya yar. Amma da yatsu yake lalubo ta, idanun sun yi hazo. Ina jin shi ya sa 'yan rami suka sallame shi, ya koma tsintar shinkafa a ba shi abinci.

"Pa Aiah, yau ma ba ka tono mana babba ba?" in ji Yei, mai abincin.

"Ran da na samu, Yei, da durƙuso za ki gaishe ni."

"To, ka dai ji. Wani ya sake tauna tsakuwa, ka nemi wata rumfar."

Ya yi dariya, amma hannunsa ya tsaya.

A loma ta uku haƙorina ya ce ƙaras. Dattijon ya juyo da kunne wajena.

"'Yar makaranta, lafiya?" Yei ta tambaya.

Na tura tsakuwar cikin kunci, inda masu haƙa ke ɓoye tasu. "Lafiya lau, Mama. Miyar ce da yaji."

Sai da muka haye gada na tofo ta a tafina. Ni ma na ɗaga ta wajen rana.